Na-Tsakiya Mai Wankin Magana

Ɗan kawuna ne, taubashina. Shekara biyu kacal ya ba ni, amma in ka gan mu tare yanzu sai ka rantse shi ya yi goyon ubana. Ni na laƙaba masa Na-Tsakiya tun muna yara, sunan ya bi shi har ya cinye na yanka. Ba a taɓa yin faɗa a unguwarmu ba a same shi a tsakiya ba. Ba shi ya tsokano ba, ba shi aka tsokana ba, amma shi zai koma gida da ƙulu a goshi, masu faɗan kuwa su tafi riƙe da hannun juna. Ko zakaru biyu ne suka kaure, sai ka gan shi ya durƙusa yana ba su baki. Shi ma ya rama, ya sa mini Rediyo, wai ni ba a kashe ni, sai dai a rage murya.

Shekara ashirin da biyu ya yi yana aiki a shagon kujeru guda ɗaya. Doguwar rumfa ce ta kwano, mai ƙofa a kowane ƙarshe. A wannan ƙarshen akwai Kafinta, dogo, busasshe, fensir a bayan kunne, shi ke yanka katako ya haɗa ƙashin kujera. A wancan ƙarshen akwai Mai Kushin, gajere mai tumbi, da keken ɗinkinsa da tulin soso da yadi, shi ke sa wa ƙashin nama da riga. Tsakaninsu taku talatin da biyu ne, na ƙirga da ƙafata. A taku na sha shida akwai benci, da gwangwanayen fenti, da famfo mai ɗiga. Nan ne wurin Na-Tsakiya. Ya goge katako da samfefa, ya shafa fenti, ya miƙa gaba.

Mutanen nan biyu tare suka buɗe shagon, lokacin ba ka ganin ɗaya sai da ɗayan. Su suka ɗauke shi aiki yana saurayi, su suka tsaya masa da zai yi aure. Sai shekara tara da suka wuce aka yi wata kujera da ta ƙi shiga rigarta. Inci ɗaya da rabi ne fa, ba wani abu ba. A gaban mai kayan, Mai Kushin ya ce idon Kafinta ne ya tsufa. Kafinta ya ce ai hannun wani ne ya saba rowar yadi. Daga ranar ba su ƙara ce wa juna uffan ba. Ko atishawa ɗaya ya yi, sai ɗayan ya kunna inji.

To amma kujera ba ruwanta da gaba. Dole ƙashi ya je wajen soso, dole awo ya dawo. Saboda haka duk maganar da za ta tashi daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ta cikin Na-Tsakiya take bi. Abin da ya fi tsoro a duniya kuwa, ya fi tsoron maciji da gobara a haɗe, shi ne shagon nan ya rabe biyu.

"Rediyo, in suka rabu wa zan bi?" ya taɓa ce mini. "Ka taɓa jin an tambayi mutum wane ido za a cire masa?"

Ni ba ni da tsayayyar sana'a. Yau dillancin waya, gobe rakiyar mai mota, jibi hutu. In rana ta yi zafi nakan shiga shagon in kwanta a kujerar mutane kafin su zo ɗauka. A nan na ga yadda yake aikinsa na gaske, wanda ba na fenti ba.

Wata rana Kafinta ya buga guduma a teburi. "Na-Tsakiya! Je ka gaya wa wancan buhun soson, in ya ƙara jan yadi har ya tsaga mini hannun kujera, zan ɗinke masa baki da ƙusa mai inci huɗu."

"To, Maigida," in ji shi. Dukkansu biyun Maigida yake ce musu.

Bai tafi ba tukuna. Sai da ya tsaya a famfo, ya wanke hannu yatsa bayan yatsa, ya goge a wando, ya ja dogon numfashi. Sannan ya taka.

"Sannu da aiki, Maigida. Ya bayan naka, ya saki kuwa? Maigida na can ya ce hannun kujerun nan katakonsu da ɗan sauran ɗanyantaka, ko za a ɗan sassauta jan yadi a kusurwa?"

Mai Kushin bai ɗago ba. "Ka ce masa in ya daina sayen katakon da ko akuya ba za a ɗaure a jikinsa ba, zan sassauta."

Ya koma famfo, ya sake wanke hannun da bai taɓa komai ba.

"Ya ce ya ji, zai sassauta. Ya ce ko nan gaba a ɗan duba wanda ya fi bushewa."

"Hm," in ji Kafinta. "Ashe dai har yanzu yana jin magana."

Na yi dariya har na faɗo daga kujerar mutane. Da muka fita na ce, "Kai ba ɗan aike ba ne, injin wanki ne. Ina ƙusar? Ina akuyar? An ba ka saƙo ka cinye rabi a hanya."

"Duk zagin da ka ji, akwai aiki a cikinsa," ya ce. "Aikin za ka ciro ka kai. Zagin ka bar shi."

"A bar shi a ina?"

Ya yi murmushi, ya ce in tsare gabana, mota na zuwa.

Matarsa, Maman Biyu, ita ta san inda ake barinsa. Ta ce in ya dawo da yamma sai ya zauna a bakin ƙofar ɗaki ko takalmi bai cire ba, ya yi rabin awa bai ce komai ba, hannu ɗaya dafe da ƙeya. Tagwayensa sun san ba a kula Baba sai ya cire takalmi. Maganin ciwon kai kuwa yana watsa shi baki kamar gyaɗa. Yana da dabarunsa, ban hana shi ba. Wankin hannun nan, da jan numfashi, da doguwar hanyar da yake bi zuwa gida don kada ya shigar wa iyalinsa da ɓacin ran wasu. Ni kuwa tsokanarsa nake yi. Nakan ce ranar da ya fashe, zagin shekara tara zai rufe garin nan kamar ambaliya, har a rasa inda za a taka.

Wata safiya yana goge ƙafar kujera sai ya ga ƙafar ta zama biyu, hanci ya ɓalle da jini. A asibiti likita ta auna shi, ta sake aunawa, ta aika aka kawo wani abin awon. Ta ce hawan jini ne, irin wanda ba a wasa da shi. Ta ce ya kwanta mako biyu, ba aiki, ba hayaniya, ba sasanta kowa da kowa. A lokacin kuwa shagon na tsakiyar aikin kujeru sittin na wani ɗakin taro.

Da yamma ya sa aka kira ni. Na same shi kwance a katifa, Maman Biyu na bakin ƙofa tana tsince shinkafa.

"Rediyo za ka tura?" ta ce. "Baban Biyu, gara ka aiki ashana gidan mai."

"Ke dai ba kya ƙaunata, matar yaya," na ce.

"Ina ƙaunarka mana. Daga nesa."

"Ba ni da wani," in ji shi. "Sun san shi, dukkansu suna dariyar shirmensa. Fentin zai jira ni. Guga da kai saƙo kawai zai yi."

Ya zaunar da ni ya yi mini karatu, wanda ya fi duk wanda na gudu na bari a makaranta tsawo. Wai kada in katse mutum in yana zazzaga, in bar shi ya zubar har ƙasa. Wai kada in kai magana da zafinta, in tsaya a famfo ko da hannuna tas yake. In fara da gaisuwa. Mai Kushin a tambaye shi bayansa, Kafinta kuwa kada a tambaye shi komai na jikinsa, ya tsani a ga ya tsufa, a yaba masa aiki kawai. In abu ya lalace, in ɗora wa katako ko yadi ko zafin rana, kada in ɗora wa mutum.

Na yi hamma. Na ce, "To malam, a duk wankin da ka yi, wanne ne ya fi girma?"

Ya leƙa ya ga Maman Biyu ta shiga kicin, sannan ya rage murya.

Ya ce shekara biyar da suka wuce mahaifiyar Kafinta ta rasu. Tsohuwar nan ita ta ciyar da su biyun lokacin da suke fara shago ba su da komai. Mai Kushin bai shiga gidan rasuwar ba. Amma Na-Tsakiya ya gan shi da idonsa, tsaye a bakin layi bayan turken lantarki, tun safe har rana ta take, yana goge ido da hula. Sau biyu yana tahowa yana komawa. Washegari ya zauna gaban keke bai yi ɗinki ko ɗaya ba. Da Kafinta ya dawo aiki, Na-Tsakiya ya je ya durƙusa ya ce masa, "Ya ce in yi maka gaisuwa. Ya ce shi ma uwa ya rasa." Kafinta ya juya baya ya yi kuka.

"Bai aike ni ba," in ji shi. "Bai faɗa da baki ba. Amma wallahi ya faɗa, Rediyo, na gani. Maganar nan ita ke riƙe da rumfar nan, ba ginshiƙi ba. Kada ka kuskura ta fito daga bakinka."

"Haba, ni yaro ne?"

"Ka fi yaro haɗari." Ya dafe ƙeya. "Kuma ni ma na yi kuskure. Na sauƙaƙa musu gabar. Da na bar su sun gwabza tun shekarar farko, da yanzu sun gaji sun shirya. In na tashi zan zaunar da su a bencina, kowa ya kalli ɗan'uwansa. Ka riƙe mini su mako biyu kawai."

Kwana uku na riƙe. Wallahi na riƙe. Na wanke hannu har fatar ta fara tambayata laifinta. Na tambayi bayan Mai Kushin sau goma sha biyu a rana ɗaya, har ya ce in na ƙara zai nuna mini nawa bayan. Amma ban san abin da nauyi ba sai da na ɗauka. Mutum ya zuba maka zagi mai kyau, sabo fil, wanda ya kamata duniya ta ji, kai kuma ka haɗiye, ka kai "ko za a ɗan duba." Kafin la'asar sai in ji wuyana ya sage, kaina kamar an ɗaure da waya. Kwana uku ke nan. Shi shekara tara.

Rana ta huɗu aka wayi gari da zafi, kwanon rumfar kamar murhu, wuta ta ɗauke, an koma aiki da hannu. Kujeru takwas suka dawo daga wajen Mai Kushin, wai mazauninsu ya yi faɗi. Kafinta ya auna, ya jefar da tef.

"Ka ce wa makahon telan can, awona bai taɓa ƙarya ba. In almakashinsa ya gaji, ya koma facin buhu."

Na nufi famfo. Na murɗa, babu ruwa. Na tsaya ina kallonsa, sai shaiɗan ya ce mini, sau ɗaya dai, Rediyo, ka ga abin da zai faru. Na wuce.

"Ya ce kai makaho ne, ka koma facin buhu. Ya ce ko buhun ma na gawayi."

Na gawayin nawa ne. Mai Kushin ya cire tabarau a hankali, ya ajiye.

"Haka ya ce?"

"Har da ƙari, na rage maka."

"To ka ce masa kujerunsa, in mutum ya zauna sai ya yi wasiyya tukuna."

Na kai da gudu, na ƙara da cewa wai ko akwatin gawa aka ba shi sai ya yi wa mamaci kaɗan. Ba zan ɓoye ba, daɗi nake ji. Na yi sawu shida ko bakwai, ina zuwa ina dawowa kamar mai kallon dambe shi kaɗai, kowane sawu ina ƙara gishiri. Ina tsammanin za su yi ta kumfar baki, zafi ya sauka, in ba Na-Tsakiya labari mu yi dariya.

A sawu na ƙarshe Kafinta bai yi tsawa ba. Ya dube ni sosai ya ce, "Ƙarya kake yi, Rediyo. Wannan ba bakinsa ba ne. Muna da abin da ke tsakaninmu, amma mutumin da ya aiko mini ranar da na rasa tsohuwata ya ce shi ma uwa ya rasa, ba zai ambaci gawa a kaina ba."

Ya ce mini maƙaryaci, kuma gaskiyarsa. Ni kuma, maimakon in sunkuyar da kai, sai na ji ina son in ci gardama.

"Wace gaisuwa? Ai Na-Tsakiya ne ya haɗa ta da kansa. Ba wanda ya aike shi."

Kafin in rufe baki na san abin da na yi. Sauran labarin, turken lantarki, hula, hawaye, duk yana nan a kan harshena, amma Kafinta ya riga ya wuce ni. Ya taka taku talatin da biyun nan da bai taka ba shekara tara. Ya tsaya a gaban keken ɗinki.

"Ka aiko mini da gaisuwar tsohuwa, ko ba ka aiko ba?"

Na zuba wa Mai Kushin ido ina roƙonsa a zuci. Ka faɗa masa ka je. Ka faɗa masa ka tsaya a rana. Bakinsa ya motsa. Amma zagin da na yi ta kai masa tun safe yana nan a kunnensa, da makaho, da buhun gawayi. Ya mayar da tabarau.

"Ban aika ba."

Kafinta ya gyaɗa kai. Ya koma ƙarshensa, ya ciro waya. Na ji yana cewa, "Shekara biyar kana kallona ina yi wa mutum uzuri a kan ƙarya. Na gode, Na-Tsakiya." Ya kashe, ya kira mai mota, ya fara kwance injinsa daga teburi.

Daga baya Maman Biyu ta ce mini ta tare ƙofa da jikinta, amma Na-Tsakiya ya ɗaga ta gefe a hankali kamar labule. Ko mota bai tsaya nema ba. A ƙafa ya zo, da rana tsaka, da silifas ɗin wanka. Na hango shi daga nesa yana sauri yana tangaɗi. Ya shigo ta ƙofar Kafinta, an riga an ɗora zarto da guduma da rabin katako a mota. Bai ko dube ni ba. Ya je daidai bencinsa, ya ɗaga hannu biyu, ɗaya nan ɗaya can.

"Maigida. Maigida. Ku tsaya, ni na gani da idona, bari in..."

Hannun dama ya sauka da kansa. Bakinsa ya karkace. Ya dube ni a lokacin, kallon mamaki, kamar yana tambayata wa ya ja masa ƙafa. Sannan ya zube a kan gwangwanayen fenti.

Su biyun suka ɗauke shi, Kafinta ta kai, Mai Kushin ta ƙafa. A motar da aka kira don kwashe kaya aka kai shi asibiti. Ko a cikin motar ba su yi wa juna magana ba.

Ya rayu. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi. Likita ta ce yana jin komai, yana gane komai, fitar ce ta gagara. Hannun rubutu shi ne ya mutu, na hagun kuwa in ya riƙe biro sai ya yi ta zana da'ira. Kalma ɗaya ta rage masa, sannu. In yana jin ƙishi, sannu. In ciwo ya taso, sannu. Ranar da na durƙusa gaban gadonsa na faɗa masa duk abin da na yi, har da buhun gawayi, ina kuka kamar an yanka ni, ya daɗe yana kallon silin, sannan ya ce, "Sannu." Har yau ban san ko yafiya ce ko tsinuwa ba. Maman Biyu ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Ta dai daina ce mini Rediyo, ta koma kirana da sunana na gaskiya kamar baƙo.

Kafinta ya kama wata rumfa a bayan tashar mota. Na je wajensa sau uku in ba shi sauran labarin. Na rantse, na dafa kai, na kwatanta masa turken da launin hular.

"Kai ne fa ka taɓa ce mana ka ga ɓera ya kori kare," ya ce. "Tashi ka ba ni wuri."

Na je wajen Mai Kushin. Ya rame, tumbin ya zube, yana karɓar gyaran tsofaffin kujeru shi kaɗai a rabin rumfa. Na ce, "Baba, don Allah ka je ka faɗa masa da bakinka. Kai kaɗai zai yarda da kai."

Ya daɗe yana zare zare daga allura. "In je in ce masa na tsaya a bayan turke kamar ɓarawo? Ya tambaye ni na aika, ban aika ba. Gaskiya na faɗa." Ya share hanci. "Ya jikin yaron nan?"

Yaron nan da yake faɗa shekararsa arba'in da huɗu.

Bayan wata huɗu, Na-Tsakiya ya fara zama a keken marasa lafiya. Wata safiya ya kama rigata da hannun hagu, ya nuna ƙofa, ya yi alamar fensir a bayan kunne. Maman Biyu ta ce ba inda za shi. Ya ƙi sakin rigata, ya ƙi cin abinci, har ta ɗauko masa hula da kanta ta sa masa.

Na tura shi har bayan tasha. Kafinta na ganinmu ya ajiye zarto, ya zo ya durƙusa a cikin garin katako, dogon mutum, ya riƙe hannun da ya mutu.

Na-Tsakiya ya fara ƙoƙari. Ya nuna idonsa, ya nuna can nesa. Ya cire hularsa ya goga a fuska. Ya miƙar da hannu sama tsaye, wai turke. Jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya keto masa.

"Sannu," ya ce. Ya girgiza kai da ƙarfi, ya sake gwadawa. "Sannu. Sannu."

"Baba, abin da nake faɗa maka ne yake nuna maka," na ce. "Hular ce, ka gani ai, ga turken..."

"Kai yi mini shiru." Bai ɗaga murya ba. Ya karɓi hular ya mayar masa a kai, ya gyara mata zama. Hawaye na bin gemun Kafinta. "Na-Tsakiya, na san don Allah ka yi. Na yafe maka, duniya da lahira. Ko da gaske ya tsaya a bakin layin, taku nawa ne daga nan zuwa ƙofar gidanmu? Kai ka yi ta taka mana shekara tara har ka faɗi. Shi ya kasa taka wannan." Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa. "Ba zan koma ba. Kada ka ƙara wahalar da kanka. Duk abin da tagwaye suke buƙata, a zo a faɗa mini."

Na-Tsakiya ya dube shi ya daɗe. Sannan ya sauke hannu a cinya.

Na juya keken muka kama hanya. Da muka zo mararraba, inda in ka miƙe za ka bi ta gaban tsohon shagon, ana hango kwanon rumfar daga nan. Mai wurin ya riga ya ja bango a tsakiya, ya ba wani mai gyaran babur rabin Kafinta. Na rage tafiya, na sunkuya na ce, "Mu leƙa Mai Kushin? Kullum sai ya tambaye ka."

Ya sa hannun hagu ya riƙe tayar keken gam, har ta ƙuje masa tafi. Ya nuna ɗaya hanyar, ta cikin kasuwa, mai ramuka da kwata.

"Ta nan sai mun yi awa guda fa," na ce. "Ga ka da nauyi kamar an cika buhu da duwatsu. Ni dai a gidan nan ba a tausayina."

Na leƙa fuskarsa in ga ko gefen bakin da ke motsi zai ɗan ɗaga. Idonsa a rufe yake, ruwa na fita ta gefe. Na karkata keken, muka shiga kasuwa.